Jatau Ya Kai Ƙarar Hantarsa

"Tun da aka halicci duniya ba a taɓa cin amanar wani kamar yadda aka ci tawa ba!" in ji Jatau, wani mai son kitse a wani gari can, yana karkata hula a gaban alƙali.

Alƙali ya ce, "Wa ya ci amanar taka?"

"Allah ya gafarta malam, hantata! Shekara hamsin ina ɗawainiya da ita. Yau likita ya ce wani maiƙo, wai kolestarol, yana toshe min hanyoyin jini, zuciyata na cikin haɗari. Ita ce kuwa ke haɗa shi! A hukunta ta, a bar ni da tsirena."

Aka kira likita. Ya ce, "Hanta na haɗa shi kam, don jiki na bukatarsa. Amma tana da awo. In ya shigo da yawa ta abinci, sai ta rage nata. Tun bara na faɗa masa."

Alƙali ya dubi Jatau. "Da ka ji, me ka yi?"

"Tausayinta na ji, na ce bari in hutar da ita. Da safe ƙwaƙwalwar saniya, don ta huta. Da rana man shanu, don ta huta. Da yamma kitsen tsire, don ta huta."

Likita ya ce, "Ta rage, ta rage, har ta rasa abin ragewa, kai kuwa kana ta antaya mata."

Jatau ya shafa tumbinsa, ya rage murya. "Allah ya gafarta malam, a sallami hantar nan. Mai laifin ne ya kawo ƙarar."