Ƙunshin Hajiya Turai

"A duk faɗin Satwa, tun daga layin teloli har bakin babban titi, babu namijin da ya riƙe gidansa kamar ni. Matata ko kuɗin gishiri ba ta sani ba."

Dikko ne ya faɗi haka, yana zuba wa mahaifiyarsa shayi a falonsu da ke unguwar Satwa a Dubai. Da safiyar nan Hajiya Turai ta sauka daga Kano don likita ya duba mata gwiwa, kuma za ta zauna da su har ta yi azumin bana tare da su.

"Ga aikin kamfani, ga kasuwancin abaya da nake yi a gefe," ya ci gaba. "Larabawa har layi suke yi, Hajiya."

A kicin ludayi ya faɗi ƙasa. Gidan kuwa ba wani gida ba ne, in ka yi atishawa a falo maƙwabcinka ɗan Indiya ne zai fara tambayar ko lafiya, don haka kowa ya ji.

"Ummulkhair, lafiya?" Hajiya ta tambayi surukarta da ke kicin.

"Lafiya lau, Hajiya. Hannuna ne ya gaji."

Ba ƙarya ta yi ba. Albashin da Dikko ke karɓa a wani sito da ke Dubai Investments Park, in mai gida ya cire haya, abin da ya rage bai isa ya yi wa kyanwa biki ba. Sauran duk hannun nan ne. Shekara uku ke nan da Ummulkhair ta buɗe shafi a Instagram mai suna Aska Biyu, tana sayar da abayoyin da aka yi wa aikin babbar riga a hannu da wuya. Ita ke zaɓar yadi, ita ke zanawa, ita ke rigima da telan. Ba ta taɓa nuna fuskarta ba. A kowane hoto hannuwanta kawai ake gani, riƙe da gefen yadi a hasken taga. Mata suka saba da hannun kamar na 'yar uwarsu. Har akwai wata mai suna Baiwar Allah, wadda ba ta da hoto kuma ba ta taɓa sayen ko zare ba, amma duk abin da aka ɗora sai ta rubuta, "Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Matsalar daga wani biki ta samo asali. An nuna wa Hajiya wata yarinya tana rawa a waya, sai ta ce, "Duk surukar da na gani tana wannan abin, da kaina zan ɗaure mata kaya." Dikko ya tsinci maganar nan, ya kaɗe ta, ya ɗora a ka, ta zauna masa daram kamar hular da aka ɗinka don shi. Tun daga ranar, kasuwancin ya zama nasa a bakin dangi.

Da Hajiya ta kwanta bayan azahar, Ummulkhair ta ja shi ɗaki ta tura ƙofa.

"Yaya, karanta wannan."

Saƙo ne ta LinkedIn daga Madam Hissa, wata Balarabiya mai shaguna a Abu Dabi da Maskat. Wata takwas Ummulkhair tana bibiyarta, tana aika mata hotuna, kafin ta amsa. Yanzu ta ce a ɗora sababbin kayan Sallah kafin a ga watan azumi. In sun yi wa kwastomominta, za ta kwashe duka, ta kuma ware wa Aska Biyu kusurwa a shagunanta. In an makara, akwai wata a layi.

"Masha Allah," in ji Dikko. "Sai bayan Hajiya ta tafi."

"Bayan ta tafi an yi Sallah an gama."

"To, halas, magana ta ƙare. Ni zan riƙe shafin. Kayan ma na kai su wurin tela jiya, kada ta gani."

"Kai za ka riƙe?"

"Mene ne a ciki? Ba hoto ba ne? Ni da nake lissafin kwantena?"

"Yaya, ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiya mana. Uwa ce."

"Ba ki san Hajiya ba. Aurenmu nake karewa, habibti. Kawo wayar."

Ta miƙa masa kamar mai miƙa jariri ga wanda bai taɓa goyo ba.

Washegari Dikko ya tsaya a shagon telan, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, ya damƙi abaya mafi tsada kamar zai yanka rago, ya ɗauki hoto ya ɗora. To, shi Dikko kyakkyawa ne, ba a musu. Amma gashin da ke bayan hannunsa, mai kitso za ta iya kwana a kai. Ga agogo kamar murfin tukunya.

Kafin ya iso gida mata sun cika ƙarƙashin hoton. Wata ta ce ina aka kai Anti. Wata ta ce ko an sayar da shafin ga masu gyaran mota ne. Wata 'yar Sudan ta sa fuskar dariya har layi uku. Baiwar Allah kuwa kalma uku ta rubuta: "Allah ya shirya."

Bai tsaya nan ba. Wata kwastoma da ta shekara biyu tana saye ta nemi ragi, ya amsa mata da, "Malama, nan ba Kantin Kwari ba ne." Wata ta tambayi ko akwai ruwan toka, ya ce baƙi ma ai ya ishe ta. Kafin mako ya zagayo, Madam Hissa ta aiko da tambaya cikin ladabi: ko ɓarayin intanet sun ƙwace shafin ne?

"Shekara uku, Yaya," in ji Ummulkhair. Murya ƙasa-ƙasa take yi saboda Hajiya na falo, abin da ya ƙara mata ƙuna, don faɗan raɗa ba ya huce zuciya. "Shekara uku ina lallaɓa matan nan ɗaya bayan ɗaya. Mako guda ka kore su."

"Matan ne ba su da tarbiyya."

"Ban taɓa cewa ka faɗa wa duniya ni ke biyan kuɗin wuta ba. Abokanka suna ce maka Alhaji mai abaya, ina ji, ina zuba musu abinci. Ban damu ba, don ina son ka. Amma ka ci sunan, ka kuma kashe aikin?"

"Wai don na taɓa wayarki?"

Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Da ta fito, Hajiya ta dube ta ta saman tabarau.

"'Yar nan, albasar Dubai ta fi ta Kano yaji, ko?"

"Ta fi, Hajiya."

"Zo nan. Hannun mace ba lalle, kamar na malamar asibiti. Na zo da nawa daga gida."

Ta kwaɓa lalle a ƙaramin kwano, ta ɗauko farin zare. Kowane yatsa sai ta naɗa masa zaren wuri uku kafin ta shafa, sannan ta ƙunsa hannun da leda da tsumma.

"Wannan ƙunshin kakata ce ta koya min," ta ce. "In an kwance, za ki ga zobe uku-uku farare a kowane yatsa. A Kano yanzu ba na jin akwai mai yin sa in ba ni ba. Yaran yanzu sai zanen fulawa kamar labule."

Da aka kwance, lallen ya kama jajir, zobban sun fito tas. Ummulkhair ta daɗe tana kallon hannunta. Bai taɓa yin kyau haka ba, kuma bai taɓa zama abin tsoro haka ba.

Ana saura kwanaki kaɗan a fara duban wata, Dikko ya dawo da jakar abayoyi a ɓoye cikin kwalin shinkafa. Ya zauna bakin gado yana sosa ƙeya.

"Ummu, na yi tunani. A matsayina na shugaban kamfani, na ga ya dace ki koma bakin aikinki."

Ta ɗaga masa hannuwanta biyu.

"Ka ga wannan?"

"Ya yi kyau."

"Duk wanda ya ga hoton zai ga ƙunshin Hajiya."

Ya yi dariya. "Hajiya? Hajiya da ko saƙon tes sai an buɗe mata? Yalla, gobe zan kai ta gashin gwiwa, ki ɗauka kafin mu dawo."

"Zan ɗauka," ta ce, "don guminmu ne. Amma ka ji da kyau, Yaya. In ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba, ko da kuwa a jirgi ɗaya za mu koma Kano."

Da safe, suna fita, ta ja labule, ta shimfiɗa yadin a hasken taga. Sai da ta yi bismilla sau biyu. Jan lalle a kan baƙin yadi, ga aska biyu da zaren zinariya. Ta ɗauki hoto da wayarta da ya mayar mata, ta ɗora, ta kife wayar, ta tafi wanke shinkafa.

Wayar ta yi ta tsalle a kan tebur har ta kusa faɗowa. Matan da suka gudu suka dawo da ƙawayensu. Larabawa na tambayar sunan wannan lalle. Kafin la'asar Madam Hissa ta rubuto kalma biyu: "Duka nawa."

Dikko bai iya riƙe daɗi a ciki ba. Ana cin abinci ya gyara zama.

"Hajiya, ki taya ni godiya. Yau na kama babbar kwangila. Dabara ce kawai. Na ɗauko wata 'yar Filifin, ƙwararriya, hannunta kaɗai muke ɗauka a hoto. Tsada gare ta, amma ni ba na wasa da inganci."

"Ikon Allah," in ji Hajiya. Ta suɗe yatsunta, ta wanke hannu, ta jawo jakarta. Ta fito da waya, ta gyara tabarau, ta shafa fuskar wayar da yatsa ɗaya cikin gwaninta irin ta wanda ya saba. Ta juyo masa da hoton.

"'Yar Filifin ɗin nan, a wace unguwa ta zauna a Kano?"

Lomar da ke hannun Dikko ta tsaya a hanya.

"Don ina so in san wadda ta koya mata ƙunshin kakata." Ta juya. "Miƙo hannunki, 'yar nan."

Ummulkhair ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta miƙa hannun, hawaye na zuba. "Nawa ne, Hajiya. Shafin nawa ne, aikin nawa ne. Ki yafe min."

"Me kika sata da zan yafe?" Hajiya ta riƙe hannun ta ɗora a cinyarta. "Tun bara A'i ƙanwarsa ta buɗe min abin nan don in riƙa ganin jikoki. Ina ganin hannun nan na ce na san shi, don ya tuƙa min tuwo. Kullum sai na sa masa albarka."

Ummulkhair ta ɗago kai. "Hajiya, ke ce Baiwar Allah?"

"Da baiwar wa ce ni?" Ta harari ɗanta. "Na ga naka hannun ma. Na yi maka addu'ar da ta dace da kai."

"Hajiya, ai ke kika ce duk surukar da..."

"Rufe min baki. Ka tambaye ni? Ka ɓuya a bayan zanena don kada a ce matarka ta fi ka samu, ka mai da ni dodo a gidan ɗana. Na zuba ido in ga ko za ka faɗa da bakinka, sai ƙara gini kake yi." Ta numfasa. "Ubanka, Allah ya jiƙansa, yana zaure yana gaya wa mutane shi ke ciyar da gida, ni ina ciki ina matsar gyaɗa har hannuna ya yi kanta. Ban taɓa leƙa kasuwa ba, amma ƙuli-ƙulina ya je Sabon Gari. Wa ke ɗaukar farantin? Kai. Kai ne wayata a lokacin, kuma ka fi wannan cin caji. Da kuɗin man gyaɗan nan ka yi digirin da kake taƙama da shi. Sai dai shi ubanka, in ya shigo cikin gida, yakan ce, 'Turai, Allah ya biya ki.' Kai ka taɓa cewa?"

Dikko ya sunkuyar da kai. Sannan ya matso, ya durƙusa kusa da matarsa.

"Ummu, Allah ya biya ki. Na cuce ki."

"Amin, Yaya," ta ce, tana dariya cikin kuka. "Amma kada ka ƙara taɓa min waya."

Haka haƙurin Ummulkhair ya yi rana. An ware wa Aska Biyu kusurwarta a shagunan Madam Hissa, abaya ta farko kuma Hajiya ce ta saka ta. Sana'ar mace a cikin mutunci ba ta taɓa rage wa miji tsawon hula ba. Abin da ke rushe gida shi ne a ci gumin mutum a hana shi ko da sannu, kuma duk wanda ya jingina ƙaryarsa da uwarsa, ya tuna ita ta san shi tun bai iya magana ba.

Dikko ya gyaru, a gaskiya. Shi ke kai kaya kamfanin dakon kaya yanzu, shi ke riƙe labule in ana ɗaukar hoto. Sai dai hali zanen dutse. Ranar uku ga azumi, da yamma, abokinsa Labaran ya kira daga unguwar Hor Al Anz yana taya murna. Dikko ya miƙe ƙafa a falo.

"Ai Labaran, ni na gano basirar yarinyar nan. Ni na buɗe mata shafin da hannuna. Lallen nan ma da ake ta magana, shawarata ce..."

Hajiya na kan darduma tana jan carbi. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Dikko," ta ce, "da azumi a bakinka."