Tsartau Ba Ya Auren Kansa

Tun da aka fara gina birane, ba a taɓa yin wanda ya wadatu da kansa kamar Mashaya ba. Ba ta roƙon hadari, ba ta jiran kogi, ba ta bukatar baƙo. Haka aka rubuta da manyan haruffa a bangon Hukumar Ruwa, kuma a ƙarƙashin rubutun ne Dakta Talle ya tsaya yana kallon injin da ake kira Maɓarya yana tuɓe wa ƙwai riga.

Ƙwayayen na shigowa ta siririn bututun gilashi, kowanne bai kai ƙwayar yashi ba. Ruwa mai tsami ya jiƙa su, wasu allurai da suka fi gashi siranta su ɓare musu ɓawo, su fita ta ɗaya gefen tsirara. Injin ba ya gajiya, ba ya kuskure, ba ya tambaya. Saboda halin nan na ƙarshe aka fi yabonsa.

Ruwan Mashaya daga teku yake zuwa, ta Babban Bututu da ya ratso ƙasa tun daga kudu, bayan da rijiyoyin arewa suka koma kanwa. Yana isowa kore shar, da yauƙi da wari. In aka zuba shi haka a injinan cire gishiri, nan da nan tantaninsu ya toshe. Shi ya sa aka kawo wani abin teku mai kama da ƙaramar salka mai baki biyu. Yana manne a wuri ɗaya, ya zuƙi ruwa ta baki guda, ya cinye dattin, ya fitar da garau ta ɗayan. In ka taɓa shi sai ya tsarto maka ruwa a ido, don haka mutanen gari suka sa masa suna tsartau.

Da farko tsartau iri-iri ne: jajaye, masu ruwan ɗorawa, masu ruwan toka, masu ƙuraje. Suna haihuwa a tankunan Hukuma, a kwatoci, a randunan mutane, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Da Farfesa Jatau ya zama shugaban Hukumar, wannan rashin tsari ya hana shi sukuni. Ya sa aka gwada su, aka zaɓi wanda ya fi saurin tace ruwa, aka naɗa masa suna Gwarzo. Aka ƙera injin da ke yankar ɗan tsoka daga jikinsa ya rena ta ta zama cikakken tsartau, har aka cika bangayen tankuna da Gwarzo, fari tas, jere kamar haƙora. Sannan aka kafa doka a hallaka sauran, don kada maniyyinsu ya bi ruwa ya gurɓata zuriya. Ma'aikata suka bi gida-gida da jarkokin guba.

Hujjar Farfesa ta gamsar da kowa. Tsartau kowanne namiji ne kuma mace, yana ɗauke da ƙwai da maniyyi a jiki ɗaya. Ke nan Gwarzo ba ya bukatar kowa. An yi ta tafi.

Abin da tafin ya rufe shi ne, ƙwan tsartau yana da ɓawo mai gane nasa. Idan haske ya fito bayan duhu, tsartau kan watsa ƙwai da maniyyi cikin ruwa. In maniyyin wani ya taɓa ɓawon, sai ya samu hanya. In na jikin da ƙwan ya fito ne, sai ɓawon ya ƙi, maniyyin ya saɓule ya faɗi. Su kuwa miliyoyin Gwarzon nan, a wurin ƙwai, duk mutum ɗaya ne. Dakta Talle ya san haka, a kai ma ya yi digirinsa. Ya kuma faɗa a taro, da irin muryar mai jiran ƙarin girma.

"Ɓawo ne ke gardama?" in ji Farfesa a ranar. "A cire ɓawon."

Asalin Maɓarya ke nan.

Talle ya ɗebi ɗigo daga kwanon da ƙwayayen jiya suka ƙyanƙyashe, ya sa a madubin awo mai ƙara girman abu. Ɗan tsartau lafiyayye kamar talibambam yake, da wutsiya da ɗan ido da 'yar ƙwaƙwalwa. Yakan yi iyo har ya sami wurin zama, ya manna goshinsa, ya narkar da wutsiyar da mafi yawan ƙwaƙwalwar, tunda ya samu kujera ba zai ƙara bukatarsu ba. An daɗe da hana masu zagayawa da baƙi yin wannan bayani a gaban manyan ma'aikata. Amma 'ya'yan da Gwarzo ya haifa da kansa ko nan ba sa kaiwa. Wutsiya a karkace, suna zagaye wuri ɗaya har su mutu.

Iyayen kuma tsufa suke yi. Kwafin kwafi da gajiyar uban yake zuwa, kowane zubi ya fi na baya saurin mutuwa. Bangayen tankuna sun fara yin sanƙo.

Farfesa ya shigo da babbar rigarsa da ƙamshin turarensa.

"Dakta, yaya 'ya'yanmu?"

"Suna nan yadda suke, ranka ya daɗe. Suna juyi."

"A ƙara tsamin."

"An ƙara. Ƙwan ne ya fara narkewa," in ji Talle. "Yallaɓai, baƙo muke bukata. Maniyyin kowane tsartau ne, in dai ba Gwarzo ba ne."

"A aika teku."

"An aika. Gaɓar da aka samo su ta mutu tun da aka zuba mata gishirin da muke mayarwa."

Farfesa ya dubi rufin ɗakin kamar wanda rufin ya ɓata wa rai. "Ka san abin da ke baƙanta mini rai da mutanen garin nan? Kowace doka sai sun karya ta. Wannan kaɗai suka ga damar bi." Ya juya zai fita. "Kafin zafi ya shigo injinan gishiri za su tsaya. In sun tsaya, unguwar Gangare za a fara rufe wa famfo. Ba can ka taso ba?"

Can ya taso. Uwarsa ta rasu yana zanin goyo, ƙanwar ubansa, Goggo Lanti, ta ɗauke shi. Kuma ya san abin da ke cikin babbar randar siminti da ke bayan madafinta, ƙarƙashin tarin buhuna. Ya sani tun ranar da masu guba suka zo ta tare su a zaure da tsintsiya tana cewa tana wanka. Goggo ba don ta fi kowa sani ta ɓoye su ba. Ita dai ba ta zubar da komai ne, har murafan kwalabe tana da su cikin ƙwarya.

Ya same ta da hantsi tana tsince shinkafa.

"A'a, yau Hukuma ce da kanta? Ko famfonmu ka zo yi wa ta'aziyya?"

"Goggo, ina wuni."

"Ina kwana dai. Boko ya juya maka rana." Ta tura masa kujera da ƙafa. "Ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne, ko ruwanku na Tudu ne ba ya karɓar ka?"

Ya yi dariyar da ta dace. Famfon Gangare dama ba kullum yake zuwa ba. Abin da lungun ke sha daga randar nan yake fitowa. Goggo ta ɗebo koren ruwa daga inda Babban Bututu ke yoyo, tsartau su tace, ta bi da shi ta 'yar matatar gishirin da ya saya mata da albashinsa na farko. Maƙwabta su shigo da bokiti a rufe da zane, su fita ba su ga komai ba.

Ta yaye buhunan. Suna nan manne a jikin tsingaro, ja da rawaya da toka-toka, munana, cike da ƙoshin lafiya.

"Ga Alhaji Bawa can, mai tumbin," ta ce tana nuna wani jan ƙato. "Ga Mai Unguwa, ci kawai ba aiki. Wannan mai ƙurajen sunanka na sa masa."

"Goggo, aronsu na zo yi."

Ta daina murmushi.

"Ba abin da zai same su. Ɗaki mai duhu zan sa su, in kunna fitila, su saki abin da za su saki, in kwashe, in dawo miki da su. Garin nan gaba ɗaya a kansu yake rataye."

"Garin da ya aiko a kashe su?"

"Shi."

"To ka bar min rabi."

"In an samu iri da yawa 'ya'yan sun fi ƙarfi. Kwana kaɗan ne, Goggo."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take masa yana yaro in ya ce ya yi salla.

"Talle, ka ce wallahi."

"Haba Goggo."

"Shi ke nan, kar ka ce. Ɗauki." Ta shiga ɗaki ta fito da bokitinta mai murfi. "Alhaji Bawa ba ya son girgiza. Ka ce wa mai motar ya bi a hankali."

Farfesa ya leƙa bokitin ya toshe hanci da gefen rigarsa.

"Ina ka samo waɗannan ƙazaman?"

"A wani kwata, ranka ya daɗe."

"Madalla da kwata. A yanka su."

"Yallaɓai, ba sai an yanka ba. In aka sa su a duhu, aka…"

"Su saki ɗan abin da suka ga dama, lokacin da suka ga dama? Tankuna nawa gare mu, Dakta? In ka tsaga su ka zuƙe jakar gaba ɗaya, ka samu ninkin haka. Ko ba haka ka rubuta a digirinka ba?"

Haka ya rubuta.

"Ban da haka, doka ta ce irin nan ba ya fita daga ginin nan da rai. Ni na sa mata hannu. In kuwa suna da mai su, sai a nemo shi ya yi bayani." Ya dafa kafaɗar Talle. "Amma ka ce kwata ne."

"Kwata ne."

Ba wanda ya kai Talle iya wannan aiki, don haka shi ya yi. Akan tsaga fatar tsartau mai tauri daga gindi, a buɗe, a ga farin zaren maniyyi kwance kusa da na ƙwai, a huda shi da allura a zuƙe. Ya fara da Mai Unguwa. Da ya kama Alhaji Bawa, sai ya tsarto masa ruwa a tabarau. Ya cire, ya goge, ya ci gaba. Mai sunansa ya bari a ƙarshe, ba don wani dalili na kimiyya ba.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ake fata. Ƙwayayen Gwarzo, da ɓawonsu da komai, suka karɓi baƙi kamar an daɗe ana jiran su. Washegari kwanuka suka cika da 'ya'ya masu miƙaƙƙiyar wutsiya. Suka yi iyo, suka manne, suka narkar da ƙwaƙwalwarsu cikin nasara. Kafin zafi ya kankama bangayen tankuna sun rufe da ja da rawaya da dabbare-dabbare. Injinan gishiri ba su tsaya ba.

Aka yi biki. Aka rataya wa Farfesa lambar girma saboda gano hanyar sabunta jini, aka ƙara wa Talle girman da yake jira. A jawabinsa Farfesa ya yi albishir cewa an gwada sabbin 'ya'yan, an samu wanda ya fi Gwarzo saurin tacewa. Sunansa Gwarzo na Biyu. Za a cika tankuna da shi, a hallaka ragowar gaurayen, don kada su gurɓata zuriya. A wannan karon har kwatoci za a bi, tunda an ga abin da ke ɓuya a cikinsu.

Talle ya buɗe baki. Sai ya ga kowa na tafi, hannuwansa kuma ba abin da suke yi, sai shi ma ya tafa.

Ya so ya saci 'yan gaurayen kafin a zuba musu guba, amma yanzu akwai na'urar bincike a ƙofa, shi ma ya sa hannu a sayo ta. Abin da ta yarda ya fita da shi kwafin Gwarzo na Biyu ne, irin wanda ake raba wa manyan ma'aikata su ƙawata falo. Irinsu ya zuba a bokitin Goggo ya kai mata.

Famfon Gangare na nan yadda yake, bai mutu ba, bai zo ba. A zaure ya yi kiciɓis da wata maƙwabciya tana fita da bokiti ba zane a kai, ba komai a ciki.

Goggo ta buɗe murfin ta duba.

"Farare."

"Sun fi naki saurin aiki, Goggo."

"Duk kamarsu ɗaya. Wa zan kira da wane suna?" Ta taɓa ɗaya da yatsa, ya tsarto ruwa kaɗan, cikin ladabi. "Suna haihuwa?"

Ya cire tabarau ya goge.

"Za su kai baɗi?"

"Watakila."

"To." Ba ta tambayi Alhaji Bawa ba. Ta juye su a randa, ta mayar da buhunan, ko da yake yanzu ba abin ɓoyewa.

Matatar gishirin na rataye a ƙusa. Ta toshe tun makon da ya tafi da bokitin, irinta kuma an daina ƙerawa. In ba ita, ko tsartau sun tace ruwan, gishiri ne. Goggo ta koma tsohuwar rijiyar bayan masallaci, mai ruwan kanwa. Ya lura ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya shige cikin nama.

"Zan nemo miki wata matatar," ya ce.

"Na sani."

Ta shimfiɗa gefen mayafinta a bakin kofi, ta tsiyayo ruwan rijiyar daga tulu a hankali, ta bar shi ya kwanta. Ta tsiyaye na saman, mai ɗan haske, ta zuba a kofin baƙi ta miƙa masa.

"Sha, ka sha rana. An ce an ƙara maka girma, Allah Ya sa alheri."

Ya karɓa. Ita kuma ta girgiza abin da ya rage a gindin kofin farko, ta yi bisimilla, ta shanye.