Jan Fenti a Kan Noti

Da hantsi aka sami matar tsohon direba kwance a ɗakin wanki, ƙafafunta cikin ruwa, hannunta ɗaya jingine da injin wanki. Wutar lantarki ce ta ja ta. Kafin Sufeton 'yan sanda ya iso an kashe wutar sashensu na ƙasa, an ɗauke gawar. Ruwan ne kawai ba wanda ya share.

Tsohon yana zaune a kan kifaffen bokiti, hannuwa bisa gwiwa. Ba ya kuka. 'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta ba shi baya.

"Ni ne," in ji shi. "Ba sai ka wahala ba."

"Kai ne me, Baba?"

"Ni na gyara shi. Famfon fitar da ruwa ya mutu, na sayo sabo na sa."

'Yar ta ce, ba ta ko juyo ba, "Sau nawa aka ce a kira mai gyara? Wai shi da ya kwance injin tirela."



Sufeto ya jawo injin daga bango, ya haska bayansa da tocila. Kowane noti na murfin baya yana da ɗan layin jan fenti, an ja shi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen. Amma layukan duk sun karye, rabin nan rabin can.

"Wannan fentin fa?"

"Haka nake yi wa notin taya tun ina bisa hanya. In na ɗaure sai in ja layi. In ya motsa zan gani."

"Bayan ka ja layin, ka sake buɗewa?"

"Me zai sa? Na gwada shi, ya yi wanki lafiya."

Sufeto ya kwance murfin. Koriyar wayar da ke kai wuta ƙasa tana reto, ba a ɗaure ta ba. Wata wayar kuma an datse ta tsakanin ƙarfe da ƙarfe har ta fito tsirara. Famfon da ke ciki ya yi tsatsa, bakinsa a tsage yana ɗiga.

"Wannan ne sabon?"

Tsohon ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"A'a."

"To tsohon naka ne aka mayar?"

"Nawa yana cikin kwali ƙarƙashin gado. Ba na yar da ƙarfe."

Aka jawo kwalin. Yana nan. Matattun famfuna biyu ke nan a gida mai inji ɗaya.

Sufeto ya fara da 'yar, tun da tana da mabuɗi. A gidan mijinta take, rabonta da nan tun kafin injin ya lalace, kuma ko sukudireba ba ta iya riƙewa ba. Ya bar ta.

Ya tafi shagon kayan gyara. Mai shagon ya ga kaki, ya miƙe tsaye tun ba a yi masa magana ba.

"Ranka ya daɗe, ni famfo na sayar, ban sayar da ajali ba."

"Sabo ka ba shi?"

"A ledarsa. Shi ne ma na ƙarshe. An daina ƙera irin wannan injin, ko ƙasa za ka tona ba ka samun kayansa."

Sufeto ya ajiye mai tsatsar a kan kanta. "Wannan naka ne?"

"Wannan ai ya girme ni a sana'a."

"Wa kuma ya nemi irinsa?"

Mai shagon ya sosa ƙeya. "Maƙwabcinsa, wanda suke ce wa Na Sama. Ya zo bayan Baba ya tafi. Na ce ya makara, ya fita yana tsaki."

Da Sufeto ya koma gidan sai ya tsaya a tsakar gida. Bututun da ya sauko daga bene yana ta kwararo ruwan kumfa. A baranda ta sama an shanya kaya cike da igiya.

Ya tambayi tsohon, "Ka taɓa ba na sama mabuɗi?"

"Jiya. Mun je asibitin ido ni da ita, mai kawo gas zai zo."

Na Sama ya buɗe ƙofa da fara'ar da ba ta kai ciki ba.

"Yallaɓai, sannu da aiki. Wannan rashi ya taɓa mu duka. Uwa ce a wurina."

"Injinka yana aiki?"

"Yana ɗan taɓawa."

"Mai shago ya ce famfonka ya mutu."

"Na samo a wani wuri."

"Ina?"

"Can cikin kasuwa. Na manta shagon."

"Kashe shi. Juyo mini bayansa."

Ya juyo. Sufeto ya kwance, ya haska. Famfo sabo fil, a kunnensa rabin layin jan fenti. Ɗaya rabin yana ƙasa, jikin injin tsohon.

Na Sama ya zauna daɓas.

"Aro na yi niyya. Wallahi aro. Na ce in na samu wani zan mayar."

Sufeto ya sa masa ankwa. A ƙasa ya yi wa tsohon da 'yarsa bayani a tsaye.

"Layin ya karye, ke nan wani ya buɗe bayanka. Famfon ciki ba naka ba ne, ke nan mai irin injinka ne. Mabuɗi na hannunsa jiya. Yana sauri kada ku dawo, ya manta koriyar waya, ya datse ɗayar. Famfonsa ya zubar da ruwa, ita kuma ta shigo ba takalmi. Gyaranka ba shi da aibu, Baba."

Tsohon ya dubi Na Sama, kamar yana kallon bango.

"Da ka roƙa, da ita za ta ce in ba ka."

Aka tafi da shi.

Tsohon ya tashi daga kan bokitin, ya buɗe injin. Kayan da ta sa suna ciki jiƙe, rigunansa ne da zanenta guda. Ya ɗauko zanen ya fara matsewa, hannunsa bai da ƙarfi. 'Yar ta taka cikin ruwan, ta kama ɗaya bakin.

"Kawo, Baba," ta ce. "Kai murɗa ta can."