Gaisuwar Tsaye

Ranar da Zulaiha ta fara ganin Sulaiman, yana kwance a gadon asibiti, ko ƙuda ba ya iya korewa. Malamin lakkol ne, wato makarantar boko, ɗan Tahoua. Ciwon ya faro daga tafin ƙafa ya haura har hannuwa, likita ya ce garkuwar jikinsa ce ta juya ta far wa jijiyoyinsa. Ita kuwa kine ce, mai motsa gaɓoɓin majinyata har su koma aiki.

"Malam, matse mini yatsa."

"Na matse."

"Wannan matsa ce ko lallashi?"

Ya yi dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Ta koya masa zama da riƙe cokali, ta koya masa taku tsakanin ƙarafa biyu. Sai da aka sallame shi ya turo mata saƙo: "Kin tashe ni tsaye, ga shi ba inda ƙafata ke son zuwa sai gidanku."

Abu guda ya roƙe ta, kada mahaifinta Malam Halidu ya san ya taɓa shanyewa. "Wane uba zai ba da ƴarsa ga wanda ake juyawa a gado?"

Ya je gaisuwa gidansu a unguwar Kirkissoye. Yana tafiya lafiya, amma in ya tsuguna ba zai tashi ba. Sai ya gaida dattijon a tsaye.

Yana fita Malam Halidu ya ce, "Wannan da ya tsaya mini a ka kamar soja? Boko ne ya hana shi durƙusawa? Kada in ƙara ganinsa."

Alkawari ya ɗaure bakin Zulaiha. Kullum da safe in ta hau gada za ta aiki, sai ta bi motocin Lazaret da kallo, unguwarsu Sulaiman. A ɗakin motsa jiki wani majinyaci ke riƙe da ƙarafan nan, ita kuwa takun Sulaiman take ji.

Wata rana ya turo saƙo: "Zuly, yau na wuce ƙofar asibiti ban shiga ba. Kewarki ta fi mini ciwon zafi."

"Malamina, riƙe bayan kujera, ka sauka a hankali, ka tashi. Kullum. Ina nan ina jira."

Damina ta wuce kafin ya dawo. Daga bayan labule ta ga ya sauka har ƙasa gaban Baba, ya gaishe shi. Ya yunƙura zai tashi, gwiwoyin suka yi rawa, ya tafi gefe.

"Subhanallahi! Lafiya, yaro?"

Nan Sulaiman ya faɗi komai. Dattijon ya kama shi ta hammata ya ɗaga.

"Ashe ciwo ne, ni ina ta cewa raini! Ciwo ai na Allah ne, ɗana." Ya juya wajen labule. "Ke, zai dawo masa?"

"Da wuya, Baba."

"To, alhamdulillahi."

Ranar ɗaurin aure ya sa aka kawo wa ango kujera, Sulaiman ya ce shi tabarma zai zauna kamar kowa. Sai Malam Halidu ya matso kusa da shi, ko za a buƙaci hannu. Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida, Zulaiha ta rufe fuska tana hawaye.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya tashi kafaɗun duk wanda ke kwance.