Wayar da ke Bayan Kujerar Baba

Su'ada ta fara ganinsa ne a farfajiyar jami'a, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, lokacin da hawaye ke neman ƙwace mata. Ordinatarta, wato kwamfutarta, na kan cinyarta. Da umarni ɗaya ta sauke manhajar ma'ajiyar bayanai, komai ya girku lafiya, amma duk sanda ta nemi shiga sai baƙin allon ya ce mata bai sami sarwa ba, wato ɓangaren da ke tafiyar da ma'ajiyar. Aikinta na kammala karatu kuwa a kan wannan ma'ajiya ya dogara.

"Madmazel, in duba?"

Suhaibu ne, ɗan ajin gaba da su, dogo mai ƙaramar murya. Ta miƙa masa ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Kin girka ta, amma ba ki tashe ta ba," ya ce. "Kamar ki sayi moto ki zauna a kai kina jiran ta tafi."

Ya rubuta layi guda, ma'ajiyar ta buɗe. Da ya ji ita ma 'yar Zango ce sai ya bar faransanci, suka ƙarasa hirar da Hausa har bakin titi.

Washegari matsalar ta dawo. Ta rubuta masa: "Ta sake ƙi. Yi haƙuri da damu."

Ya amsa: "Damu irin wannan ina nema, injiniyata. Ina zuwa bayan la'asar."

A falon gidansu ya zauna, mahaifinta Alhaji Abdulganiyu na kan kujerarsa yana jan carbi, jikan fataken goro wanda bai yarda da abin da ba a iya aunawa a hannu ba. Suhaibu ya gano cewa injin ya mutu ne farat ɗaya, don batirinsa da dama ya yi rauni ya ƙarasa lalacewa, ba ya aiki sai an jona shi da wuta. Sarwar ta bar wani ɗan fayil da ke cewa tana aiki alhali ba ta yi, shi ya hana ta tashi. Ya goge shi, ya nuna wa Su'ada yadda ake yi.

"Ɗauke kuran ne," ya ce. Lokacin zafi ne da ake yawan ɗauke wutar lantarki, kowa ya yarda.

Sai dai abin bai tsaya ba. Har ranakun da ba a ɗauke wuta ba, tana dawowa daga kicin ta tarar da allon a mace. Wani lokaci gogewar ta isa, wani lokaci bayanan sun lalace, sai an kira Suhaibu. Yana zuwa, Inna, mahaifiyarta, ta kawo masa zomkom, ruwan garin gero mai sanyi, shi da Su'ada su sunkuya kan allo suna magana ƙasa-ƙasa, rabinta ba ta aiki ba. Ya sake girka komai daga farko. Ya canja tashar da sarwar ke saurare. Ya duba izinin kowane fayil. Ba abin da ya hana.

Ana nan Zailani, ɗan yayar Baba mai shagon atamfa, ya fara yawan zuwa gaisuwa, idonsa kan Su'ada.

"Kawu, mu ma mun san irin wannan gyara," ya ce yana dariya. "Ka kwance ƙusa ɗaya, gobe a sake kiranka."

Maganar ta zauna a ran Alhaji. Ranar Juma'a ya tsare Suhaibu a ƙofa.

"Kai yaro, gyara kake yi ko zance? In zance ne, ba a shiga gidana da ƙarya. Gobe ka gyara shi a gabana, gyara na ƙarshe. In ya sake mutuwa, kada in ƙara ganinka."

Su'ada na bayan labule tana ji. Da yamma ta rubuta wa Suhaibu: "Faɗa mini gaskiya, kai kake yi?"

Amsar ta daɗe. "Har ke, Su'ada? Wallahi ban san abin da ke kashe shi ba. Da na sani, da na gyara, ko da ba zan sake samun dalilin zuwa ba."

Ta karanta, ta kifa wayar, ta rasa inda za ta sa kanta.

Asabar ya zo ya tayar da sarwar, sannan ya ce ba zai taɓa komai ba, zai zauna ne kawai ya gani. Su'ada ta shiga taya Inna girki. Da aka kira magariba Alhaji ya miƙe, ya kai hannu bayan kujerarsa ya zare wayar ralonj, doguwar wayar da ake jona kayan wuta da ita, daga bango, ba tare da ya ko duba ba. Haka yake yi duk fitarsa tun gobarar da ta taɓa kama ɗakinsu bayan tashinsu daga tsohuwar unguwarsu ta Zanguwetan. In ya dawo ya mayar. Allon ya yi baƙi.

Suhaibu ya gani. Ya bi shi masallaci, suka dawo tare, Alhaji ya mayar da wayar, Zailani ma ya shigo. Su'ada ta kunna injin, ma'ajiyar ta ƙi.

"To?" in ji Alhaji.

Suhaibu ya dubi dattijon, ya dubi Zailani da ke murmushi. Ya sunkuyar da kai.

"Na kasa, Baba. A yafe mini."

Ya ɗauki hular kwanonsa ta hawan moto ya fita. Daga bakin titi ya aiko mata: "Ki mayar da injin ɗakinki, ki ba shi soket nasa. Ba zai sake mutuwa ba. Kada ki tambaye ni dalili. Allah ya ba ki sa'ar sutnans, ranar kare aikinki."

Ta dubi wayar injin, ta bi ta da ido har bayan kujerar mahaifinta. Ta jira Zailani ya tafi. Sannan ta durƙusa, ita da ba ta taɓa fara yi wa Baba magana ba.

"Baba, don Allah ka zare wayar nan in ga wani abu."

Ya zare. Allon ya mutu a gabansa. Ya daɗe yana kallon filogin a hannunsa.

"Yaron ya ga na yi haka?"

"Yana zaune, Baba."

"Ya kuma bari aka kira shi maƙaryaci a gaban Zailani."

Inna daga ƙofa ta ce, "Ai da ya faɗa, da kai ka kore shi don rashin kunya."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ki gaya masa ya turo manyansa. Da goro mai kyau, ni ba a kawo mini na banza."

Bayan ta kare aikinta a gaban malamai aka ɗaura auren, Zango ta cika da motoci da guɗa. Alhaji ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Ga ta nan, Suhaibu. Yadda ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naku, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin, Su'ada ma ta amsa a cikin mayafinta.