Ya Ce Haƙori Ne Kawai

"Za mu yanke ƙashin daga nan... zuwa nan."

Likita ya ja biro a kan hoton muƙamuƙinta. Tana zaune tana bin biron da ido. Biki ya matso, ga angon nata tsaye a bayanta, shi da yake aikin ɗaukar hoton ƙashi a wannan asibitin.

"Wata jakar ruwa ce ta tsiro daga ragowar naman da ke fitar da haƙori," in ji likita. "Ba kasafai ake ganin irinta ba. Ta daɗe tana cin ƙashin a ɓoye. Da tun bara kika yi hoto, da kankarewa kawai za mu yi."

Tun bara?

Ai ta yi! Angon nata da hannunsa ya ɗora haɓarta a kan na'urar, yana tsokanarta wai kumatun amarya ne suka fara fitowa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce haƙori ne kawai.

Sai da suka fito baranda, kusa da tagar karɓar magani, sannan ta juyo ta tare shi.

"Ka gani a lokacin?"

"Masoyiyata, ki tsaya..."

"Na ce ka gani?!"

Ya sunkuyar da kai.

"Na gani. Kin san Mama, da ƙyar ta amince da ke. Da ta ji kalmar tiyata, wallahi ranar za ta ce an kwaso mata majinyaciya, Yayata kuma ta turo min ƙawarta in aura a madadinki. Na ce bari a ɗaura tukuna, in kai ki da kaina. Don kar in rasa ki na yi!"

Abin takaicin, ta san gaskiya yake faɗa, shi ya sa ma ya fi ciwo.

"Duk ranar da na kira ka ina kuka, sai ka aiko min da maganin ciwon haƙori. Ni kuwa shashasha ina ta sa maka albarka, wai na yi dacen miji..."

"Ko ya fuskarki ta koma ina son ki!"

"Dole ka so ta mana. Kai ka zaɓa min ita."

Wata nas ta leƙo daga ofishin likita.

"Amarya, wa zai yi jinyarki bayan aikin? Angon ne?"

Ta goge hawayenta a hankali, ta gefen da bai kumbura ba. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wannan ai ma'aikacinku ne," ta ce. "Ni kaɗai na zo."