Siririya da Mai Kauri

Ranar da yaron nan mai zane a kwamfuta ya fara shigowa shagona, jikata tana zaune tana naɗe sabulu. Wai ya zo ya gaya mini zakaran da ke jikin takardar sabuluna ya tsufa, yanzu tambari marar tarkace ake yayi. Zakaran da na zana da hannuna! Ni da gobara ta cinye shagona sau biyu na sake miƙewa, ban taɓa zama a aji ba, amma ɗan boko bai taɓa yi mini wayo ba. Na ɗauki sanda zan kore shi, sai na lura ba zakara yake kallo ba. Ita ma sabulu ɗaya ta naɗe sau uku.

Jikar nan tawa mai jiki ce, tubarkalla. Ni ina kiranta amaryata, shi kuma ya raɗa mata Ɗigo, wai ita ce ɗigon da ke kan harafinsa. Na bar masa aikin tambarin don dai in ga gudun ruwansa, kullum yana shago yana nuna mata launi.

Ubanta, ɗana na fari, ya ce sam. Mutumin da sana'arsa matsar da haruffa hagu da dama ba zai riƙe gida ba. Shi ɗan abokinsa mai kantin magani yake so.

Ana cikin haka saƙon yaron ya faɗo wayarta. Ta karanta mini tana kuka, kuma kaina ba ya zubar da magana:

"Na yanke shawara. Siririyar ta fi burge ni, ita ake yayi yanzu. Mai kaurin nan ta cika waje, a ajiye ta."

Can wani ya biyo baya:

"Ɗigona, kuskure ne, wurin buga takardu zan tura. Ki saurare ni minti ɗaya."

Wannan ne ya ƙarasa ta, don a wurin buga takardun akwai wata yarinya siririya kamar tsinken tsintsiya. Ta toshe lambarsa, ta daina cin abinci, ta ce wa ubanta ta yarda da mai magani. Uban bai ɓata lokaci ba, ya ce su turo manyansu ranar Asabar.

Kwana uku yaron nan yana tsaye a ƙofar shagona cikin rana, leɓensa duk ya tsage. Ran Juma'a ya durƙusa ya riƙe ƙafata.

"Kaka, gobe za a raba ni da raina. Ka duba takardun nan kawai."

Na ce masa ni ba na karatu. Ya ce ba karatu ba ne, kallo ne. Sunan sabuluna ne ya rubuta da ƙira biyu, ɗaya haruffanta sirara, ɗaya masu kauri. A kan su yake magana a saƙon.

Nan take na gane, don ni ba a yi mini bayani sau biyu. Na sa ya manna su a bango, na aika aka kira amaryata da ubanta, na ja su har da yaron muka tsallaka titi. Daga can siririyar ta ɓace ɓat, mai kaurin kuwa tana nan raɗau.

"Kai mai yayi, wacce ake gani daga nesa?"

"Mai kaurin, Kaka," in ji shi, idonsa ba a bango yake ba. "Ita nake so, ko an daina yayinta har abada."

Ta rufe fuska, kuka da dariya suka haɗe mata. "Sai ka koyi duba lamba kafin ka tura saƙo, mai haruffa."

Uban ya buɗe baki, na riga shi. Na tuna masa cewa da zanen zakara na ciyar da shi har ya yi gemu, kuma a gidan nan har yanzu ni ne babba. Ya sunkuyar da kai, da yamma da kansa ya je ya ba abokinsa haƙuri.

Bayan wata biyu aka ɗaura. Zakarana yana nan, jelarsa kawai na yarda aka rage. Katin auren kuwa da mai kaurin aka buga shi, har ni da ban san bihim ba na hango shi daga tsallaken titi na ce namu ne. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu kauri.